Lulluɓin Magani, Abin da Jini Ke Fara Taɓawa

(Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali)

 

Akwai wani maganin ciwon daji da ake kira doksorubisin. Ja ne wur, an samo shi a shekarun 1960 daga wata ƙwayar bakteriya da aka tono a ƙasar Italiya, kuma har gobe yana cikin manyan magungunan da likitoci ke yaƙar sankarar mama da ta jini da su. Yana aiki, amma yana cin zuciya. Shi ya sa likita ke lissafa duk abin da aka taɓa ɗura wa majiyyaci tsawon rayuwarsa, in ya kai wani mizani a dakata, ko da cutar ba ta gama mutuwa ba.

A shekarar 1995, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Doxil. Abin da ke cikinsa doksorubisin ne, ba ƙari ba ragi. Bambancin kawai, an zuba shi cikin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi na kitse, aka lulluɓe bayan kowace ƙwaya da wani sinadari. Bayan 'yan shekaru aka gwada tsohon da sabon a kan mata 509 masu sankarar mama, aka buga sakamakon a 2004. Illar zuciya ta ragu ƙwarai. Zubewar gashi ta sauko daga kashi 66 cikin 100 zuwa kashi 20. Sai kuma ga wata sabuwa: tafin hannu da tafin ƙafa su yi ja, su kumbura, su yi ta saɓa. Da tsohon maganin, mace 2 cikin 100 ce ta gamu da wannan. Da sabon, mata 48 cikin 100.

To me ya ɗauke cutarwar daga zuciya ya kai ta tafin hannu, alhali maganin bai sauya ba? Lulluɓin ne. A kansa za mu yi magana yau.

Mu fara da girman waɗannan ƙwayoyi. Ana auna su da nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya a ɗauki gida guda. Silin gashin kai kaurinsa yakan kai nanomita 80,000. Jar ƙwayar jini kamar 7,000 ce. Ƙwayar Doxil kuwa 100 ce ko ƙasa da haka kaɗan. Abu in ya ƙanƙance haka, bayansa ne ke da ta cewa, domin duk yadda ka ƙara farfasa abu, haka fuskar da yake taɓa duniya da ita take ƙaruwa. Kuma ƙananan abubuwa irin waɗannan suna da son manne wa juna. Mai fura ta san wannan. In ta mulmula curi sai ta birkiɗa shi cikin gari, in ba haka ba kafin ta isa kasuwa sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya. Aikin farko na lulluɓi ke nan, ya hana ƙwayoyin curewa. A cikin jijiya curewa ba wasa ba ce, don dunƙulen zai iya toshe ƙananan hanyoyin jini na huhu.

Aiki na biyu ya fi wannan wuya. Jini ba ruwa ne zalla ba, akwai furotin iri-iri, dubbai, suna yawo a cikinsa. Da baƙon abu ya shigo, cikin daƙiƙoƙi sun mamaye shi sun yi masa wani sabon rufi nasu. Masana a birnin Dublin na ƙasar Ayilan, ƙarƙashin Kenneth Dawson, sun yi fice a binciken wannan al'amari tun 2007. Wasu daga cikin furotin ɗin alama ce ga sojojin jiki cewa ga abin haɗiyewa. Su kuwa manyan masu haɗiyar, a hanta da saifa suke zaune, suna tace jini dare da rana. Ƙwayar da ta shigo tsirara, ko da lulluɓin da bai dace ba, ba ta daɗewa ake cafke ta.

Mutanen Dawson sun yi wani gwaji a 2013 da ya sanyaya wa da yawa gwiwa. Sun ɗauki ƙwayoyi suka manna musu wani furotin da ke jansu kai tsaye zuwa ga ƙwayoyin halittar da ake so. A ruwan gwaji mai tsabta, aiki ya yi kyau. Da aka zuba ruwan jini, furotin ɗin jini suka rufe abin da aka manna, ƙwayoyin suka ɓata hanya. A 2016 kuma, Warren Chan da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara 10 da aka yi a kan dabbobi, suka gano cewa a matsakaicin lissafi, 7 ne kacal cikin kowace ƙwaya 1,000 da aka ɗura ke isa cikin ƙarin ciwon daji. Masu tallar sabon magani sun fi son su ba ka labarin bakwai ɗin nan. Ni a ganina tambayar lafiyar majiyyaci tana wajen sauran 993: ina suka tafi, me suka yi a can, yaushe suka fita? Kuma lulluɓi ne ke amsa mafi yawan wannan tambaya.

Lulluɓin da ya fi kowanne suna shi ne wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PEG. Zarurruka ne siraran gaske masu son ruwa. In aka dasa su a bayan ƙwaya sai su riƙe ruwa kewaye da ita, furotin ya zo ya rasa wurin kamawa sosai. Frank Davis da Abraham Abuchowski na Jami'ar Rutgers a Amurka ne suka fara nuna amfaninsa ga magani a 1977. Su kuwa ƙwayoyin kitsen, tun shekarun 1960 Alec Bangham ya gano su a kusa da Kambirij ta Ingila, sai dai hanta takan share su daga jini da wuri. Haɗa biyun nan ne ya haifar da Doxil, a hannun Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon na birnin Ƙudus tare da wani kamfanin Amurka.

Ga abin da ke faruwa. Tsohon doksorubisin, da an ɗura shi, cikin mintuna ya fice daga jini ya watsu a sassan jiki, har da tsokar zuciya. Doxil kuwa yana ƙunshe, sai an haura kwana 2 kafin rabinsa ya bar jini. Hanyoyin jinin zuciya a tsuke suke, ƙwayar ba ta iya ratsa bangonsu cikin sauƙi, don haka zuciya ta samu sarari. Amma abin da ya daɗe yana zagaye cikin jini, dole ya sami inda zai tsiyaye. Tafin hannu da na ƙafa cike suke da ƙananan jijiyoyi da kafofin gumi, ga matsi ga guga kullum. Nan maganin ke taruwa ya ƙone fata daga ciki. Abin da ya tabbatar da cewa PEG na da hannu a ciki shi ne, akwai wani ɗan'uwan Doxil mai suna Myocet da Turai ta amince da shi a 2000. Shi ma doksorubisin ne cikin ƙwayar kitse, amma babu PEG a bayansa. Ba ya daɗewa a jini kamar Doxil, kuma saɓar hannun nan ba ta cika zuwa da shi ba.

Saboda haka uwa ko 'yar'uwar da ke karɓar irin wannan magani, in likita ya ce ta huta da daka da wanki da ruwan zafi, ta bar matsattsen takalmi na 'yan kwanaki, ba raki ake koya mata ba. Kishiya da uwar miji su ji wannan da kyau, a taimaka mata da aikin gida.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Shekaru da dama an ɗauka cewa jiki ba ya ganin PEG kwata-kwata. Ashe yana gani. A shekarar 2000, masu bincike a garin Nijmegen na ƙasar Holan suka yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin kitse masu PEG, babu magani a ciki. Allurar farko ta daɗe a jini kamar yadda aka zata. Da aka maimaita bayan kamar mako guda, nan da nan hanta ta kwashe ta. Daga baya masana a Tokushima ta Japan suka gano dalili: allurar farko ta sa saifa ta ƙera makaman kariya a kan PEG ɗin kansa, suna nan suna jiran ta biyu. Doxil ya tsira daga wannan tarko ne ta wata hanya mai ban mamaki, gubar da ke cikinsa tana kashe ƙwayoyin da za su ƙera makaman tun kafin su fara.

Har mutanen da ba a taɓa yi musu irin wannan allura ba ana samun makaman a jininsu. Wani bincike na 1984 ya same su a jinin mutum 2 cikin 1,000. Wani kuma da aka yi a Jami'ar North Carolina a 2016 ya same su a kashi 72 cikin 100. Kada wannan tazara ta firgita ku. Na'urorin awo na yanzu sun fi na da kaifin ido nesa ba kusa ba, kuma a jikin yawancin mutanen abin ɗan kaɗan ne, bai isa ya yi komai ba. Amma PEG yana cikin man shafawa da man goge baki da wasu magungunan sakin ciki, jikinmu ya san shi. 'Yan tsirarun da makamansu suka yi yawa, su ne abin lura.

Akwai kuma wani tashin hankalin da kan zo tun a ɗurin farko. Wani rukunin furotin na garkuwar jiki yakan ɗauki ƙwayoyin a matsayin ƙwayar cuta, tunda girmansu ɗaya da na bairos, sai ya buga ƙararrawa. Fuska ta yi ja, ƙirji ya ɗaure, baya ya riƙe, numfashi ya yi sama-sama. Wani likita ɗan ƙasar Hungari, János Szebeni, ya shafe shekaru yana nazarin wannan. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu karɓar Doxil kan ji wani abu daga ciki. Maganinsa mafi sauƙi shi ne haƙuri: a fara ɗurin a hankali, miligiram 1 a minti, in an ga lafiya a ƙara gudu. Mai jinya da ke matsa wa nas lamba ta buɗe ƙarin ruwan ya zuba da sauri don a kama motar ƙauye, bai san abin da yake roƙo ba.

Wani abin da lulluɓi ke tsarawa shi ne caji. Kun san kan batir, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, kuma masu bambancin alama jan juna suke. Fatar ƙwayoyin halittar jikinmu alamar ɗebewa take ɗauke da ita. Don haka ƙwayar da aka lulluɓe da caji mai alamar tarawa tana manne musu nan take. Wannan ya yi wa mai son shigar da magani daɗi, sai dai ba ta zaɓe. Tana manne wa jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su, tana tayar da masu daskarar da jini, tana huda fatar duk abin da ta taɓa. An taɓa zargin 'yan sandunan zinare da ake gwaji da su da kashe ƙwayoyin halitta, da aka bi diddigi sai aka ga zinaren ba ruwansa, wani sinadari mai kama da sabulu da aka yi amfani da shi wajen ƙera su ne ya rage a bayansu.

Masana a Vancouver ta Kanada, a sahun gaba akwai Pieter Cullis, suka ɓullo wa abin ta bayan gida. Suka ƙera wani kitse da ba shi da caji muddin yana cikin jini, sai ƙwayar halitta ta haɗiye shi ya faɗa wuri mai tsami sannan cajin ya tashi, ya fasa jakar da ke riƙe da shi ya saki saƙonsa. Maganin farko da ya fito ta wannan hanya shi ne Onpattro a 2018, na wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. A nan ma an yi wata dabara. PEG ɗin da ke bayansa da gangan aka ɗaura shi sako-sako don ya zube cikin jini, wani furotin mai jigilar kitse ya hau gurbinsa ya ja ƙwayar zuwa hanta, inda dama can ake son ta. Abin da wasu ke gudu, shi waɗannan suka yi hayarsa.

Irin wannan ƙwayar kitse ce ke cikin rigakafin korona na Pfizer da na Moderna da suka fito a Disambar 2020, kuma Nijeriya ta karɓi na Moderna miliyan 4 a Agustan 2021. Na san abin da aka yi ta yaɗawa a waya lokacin, wai akwai na'urar leƙen asiri a ciki. Mutanen Kano suna da dalilinsu na yin tambaya, gwajin maganin Trovan da aka yi a garinsu a 1996 bai bar zukata ba, kuma tambaya haƙƙi ce. Amma amsar ita ce, kitse iri huɗu ne, ɗaya daga ciki kolestarol, ɗaya mai ɗauke da PEG, sai saƙon rigakafin a tsakiya. Illar gaske da aka auna ita ce mummunan borin jini mai toshe numfashi, wanda hukumomin Amurka suka ƙiyasta a mutum 2 zuwa 5 cikin kowace allura miliyan 1. Dalilin zaman minti 15 zuwa 30 bayan allura ke nan.

(Kiɗa)

Yanzu mu dawo gida, domin maganin da ya fi kusa da mu a wannan fanni na ƙarancin jini ne, musamman ga masu juna biyu.

Allurar ƙarin jini da ake ɗurawa ta jijiya, wadda ke ɗauke da sinadarin ƙarfe, ita ma irin waɗannan mitsi-mitsin ƙwayoyi ce. Tsakiyarta ƙarfe, bayanta lulluɓin wani nau'in sukari. Ƙarfe tsirara a cikin jini guba ne. An gwada ɗura shi haka a shekarun 1930, majiyyata suka sha wuya har aka yi watsi da hanyar. A 1954 aka fito da Imferon, wanda aka lulluɓe da wani dogon sukari mai suna dekstiran. Ya riƙe ƙarfen gam, gubar ta kwanta. Sai dai jikin wasu mutane yana da makamai a kan dekstiran ɗin, kuma an yi asarar rayuka ta hanyar borin jini mai tsanani. A farkon shekarun 1990 ya bar kasuwar Amurka. Tsoron da tsofaffin likitoci da ungozomomi ke yi wa allurar ƙarfe har yau, daga nan ya samo asali.

Waɗanda suka biyo baya sun sauya sukarin. Mai lulluɓin sukros ya fi sauƙi ta wajen borin jini, amma riƙonsa ba shi da ƙarfi, in aka ba da shi da yawa ƙarfen zai kuɓuce, don haka kaɗan-kaɗan ake bayarwa, mace ta yi ta zarya asibiti. Mai lulluɓin kaboksimaltos kuwa yana riƙewa da kyau, har ana iya ɗura miligiram 1,000 a zama ɗaya cikin kamar minti 15. Ga macen da ke nesa da asibiti, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Mai lulluɓin kaboksimaltos ɗin ne aka gwada a nan Nijeriya. Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ce ta jagoranci binciken, tare da abokan aiki da suka haɗa da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Mata masu juna biyu 1,056 a asibitocin Legas da Kano, aka raba su biyu, rabi ɗuri sau ɗaya, rabi ƙwayoyin haɗiya sau uku a rana. Sakamakon ya fito a 2024. Ta wajen yawan matan da suka rage da ƙarancin jini a mako na 36, babu wani bambanci na a zo a gani. Amma ɗurin ya fi cike giɓin ƙarfe a jiki, kuma ba a ga wata mummunar illa da ta hana amfani da shi ba. Sakamako ne na gaskiya, bai yi wa kowa kwalliya ba, kuma ya tuna mana cewa ba duk ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sikila suke.

Shi ma wannan lulluɓi da nasa halin. Yana sa ƙoda ta zubar da sinadarin fosfet cikin fitsari. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2020, kusan mutum 3 cikin 4 na waɗanda aka ba mai kaboksimaltos fosfet ɗinsu ya faɗi, yayin da masu karɓar wani mai lulluɓin derisomaltos kashi 8 ne kawai cikin 100. Ƙarfen ciki duk ɗaya ne. Ga wadda aka yi wa sau ɗaya, yawanci abin kan daidaita da kansa cikin makonni. Wanda ake maimaita masa wata da watanni kuwa, zai iya kaiwa ga kasala da ciwon ƙashi, har ƙashin ya yi laushi, don haka a riƙa auna masa jini.

Wannan ne ya sa ba na jin daɗi in na ji mai kemis yana cewa, ai duk ɗaya ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. A farasitamol wataƙila a yarda da shi. A irin waɗannan magunguna, kaurin lulluɓi da tsawon sukarin da yadda aka dafa haɗin a masana'anta duk suna cikin maganin. Ajiya ma haka. Doxil firiji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a yarda ya daskare ba. Kwalbar da ta kwana a shagon da wuta ke zuwa ta ɗauke, a zafin watan Afrilu, sunanta na nan a rubuce lafiya lau, amma ba mai iya rantsewa a kan abin da ke ciki. A duba lambar NAFDAC, a kuma tambayi inda aka ajiye ta.

Tun 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta shimfiɗa ƙa'ida a kan duk allurar ƙarfe ta jijiya, kuma ƙa'ida ce da ta dace da ko'ina. Ba a yin ta sai a wurin da ke da ma'aikaci da kayan ceto, da allurar adiranalin a kusa. Ba a yi wa mai ciki a watanni ukun farko. Ɗan gwajin da akan fara ɗigawa don a ga ko jiki zai karɓa ba abin dogaro ba ne, mutum na iya wuce gwajin lafiya, cikakken ɗurin ya tayar masa. Kuma ko an sha yi wa mace ba ta taɓa jin komai ba, kowane zuwa sai ta zauna minti 30 a gaban ma'aikata kafin ta tafi. Mai asma, da mai yawan borin jini, da wanda wata allura ko maganin wankin ciki ya taɓa kumbura masa fuska ko ya ɗauke masa numfashi, ya faɗa tun kafin a ɗaura masa ƙarin ruwa, ko ba a tambaye shi ba. Maigida kuma, in an ce a jira, a kashe babur a jira.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)